Na raba lissafi wa ƙwayoyin furosesa takwas amma gudun bai ƙaru ba, don Allah ina matsalar take?

sadi_mekanikal
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman haske, abin nan ya hana ni barci. Ina furojet ɗin digiri na biyu ne a kan akwatin busar da tumatir mai aiki da zafin rana, ina son in ga yadda iska mai zafi take zagayawa tsakanin farantan, ina take tsayawa, ina take wucewa da sauri. OpenFOAM nake amfani da shi a laftof, wato manhajar lissafin tafiyar iska da ruwa. Ragar da na yanka, wato yadda na raba cikin akwatin ƙananan gidaje don lissafi, tana da gidaje wajen dubu 800. Da ƙwaya ɗaya lissafin ya ci awa 11. Na raba biyu ya dawo awa 6, na ji daɗi sosai. Na raba huɗu, awa 4. Sai na ce bari in ba shi takwas ɗin gaba ɗaya tunda injin yana nuna min takwas, wallahi sai ya yi awa 4 da minti goma, fanka tana ta ihu, ƙasan laftof ɗin ba ya taɓuwa don zafi. Ni a lissafina takwas ya kamata ya ba ni ƙasa da awa ɗaya da rabi. Kuma ina da siffofin akwatin goma sha biyu da malamina yake so in gwada kafin ƙarshen zango. Shin ni ne na yi kuskure wajen decomposePar, umarnin da ke raba raga ga ƙwayoyi, ko dama haka abin yake?

ummi_cfd
Wa alaikumus salam. Kafin komai duba sunan furosesar taka. Ina kyautata zaton ƙwaya huɗu gare ka na gaske, takwas ɗin da kake gani zare ne, kowace ƙwaya tana nuna kanta kamar biyu. A irin wannan lissafin zaren nan ba ya ƙara komai, wani lokacin ma ragewa yake. Rubuta umarnin lscpu ka gaya mana abin da ya fito.

sadi_mekanikal
Na duba Yaya Ummi, gaskiyarki. Huɗu ne, kowacce zare biyu. To amma ko huɗun ai awa uku ba kwata ya kamata in samu, ba huɗu ba.

MalamLissafi
Sadi ƙanina, abin da ka ci karo da shi tsohon zance ne, tun 1967 wani injiniya Gene Amdahl ya yi bayaninsa. Ka ɗauki gayyar noma. Mutum goma sun zo, kowa ya kama kunyarsa, nan aiki yana rabuwa lafiya lau. Amma akwai abin da ba ya rabuwa, kamar auna gonar da raba kunyoyin tun farko, da tattara amfanin wuri ɗaya a ƙarshe. Ko mutum dubu ka tara, wannan ɓangaren lokacinsa yana nan yadda yake.

Da lissafi: in kashi 10 cikin 100 na aikinka ba ya rabuwa, ƙwaya takwas na gaske za su ba ka ninki 4.7 ne kawai, ba takwas ba. Kuma ko ka samo ƙwaya miliyan ba za ka taɓa wuce ninki 10 ba. In kashi 5 ne, iyakarka ninki 20. Shi ya sa masu rubuta irin waɗannan manhajojin suke shafe shekaru suna fama da ɗan ƙaramin ɓangaren nan da ya ƙi rabuwa, don shi ne yake riƙe da wuyan sauran.

Bakatsine_HPC
Malam, Allah ya ƙara ilimi, bayanin daidai ne amma ni ban ga Amdahl ne babban mai laifi a nan ba. A OpenFOAM ɓangaren da ba ya rabuwa bai kai haka ba in raga ta kai dubu 800. Matsalar Sadi rijiya ce. Ƙwayoyin nan huɗu duk daga RAM ɗaya suke jan bayanai, ta hanya ɗaya. Lissafin ruwa da iska kuwa ba wai lissafin ne mai nauyi ba, ɗauko lambobin ne mai nauyi: a ɗauko lamba, a ninka sau ɗaya ko biyu, a mayar, a ɗauko wata. Kamar ka tara 'yan ga-ruwa huɗu majiya ƙarfi a bakin rijiya mai guga ɗaya. Na farko da na biyu za su yi aiki, na uku da na huɗu rabin lokacinsu a tsaye suke suna jiran guga.

Sadi, RAM ɗinka sanda ɗaya ce ko biyu? In ɗaya ce to rabin hanyar kake amfani da ita. Ka sa ta biyu irinta sak, girma ɗaya gudu ɗaya, za ka ga bambanci.

sadi_mekanikal
Ɗaya ce, 16GB. Akwai ramin ta biyu a buɗe, na taɓa gani lokacin da aka canja min fanka. Ban taɓa sanin yana da alaƙa da gudu ba, na ɗauka girma kawai yake ƙarawa.

Abban_Khairat
Ni ban san komai a kan iska ba, gini na karanta, amma muna fama da irin wannan a lissafin ƙarfe da kankare. Tambayata, wai ta yaya ma ake raba abu ɗaya? In ka yanka akwatin Sadi gida huɗu, iskar da ke ɓangare na ɗaya ai tana shiga na biyu. Wa yake gaya wa na biyun?

ummi_cfd
@Abban_Khairat tambayar nan ita ce zuciyar maganar gaba ɗaya. Kowace ƙwaya tana riƙe da yankinta, sannan a bakin iyaka tana buƙatar sanin abin da ke gidajen maƙwabciyarta. To duk zagaye ɗaya na lissafi sai sun tsaya sun yi musayar lambobin bakin iyaka, ni ga nawa, ba ni naki. Wannan aiken saƙon shi ne aikin MPI, ƙa'idar da aka fitar a 1994 kuma har yau ita ce ake amfani da ita a manyan injina. Akwai kuma OpenMP da ya zo a 1997, shi na cikin inji ɗaya ne inda kowa ke ganin RAM ɗaya.

Ka ga inda abin yake ciwo. Ɗauki raga mai gida 100 a tsawo, 100 a faɗi, 100 a tsayi, gida miliyan ɗaya kenan. Ka raba ta takwas daidai, kowa ya samu dubu 125, kuma waɗanda ke bakin iyaka da maƙwabta wajen kashi 6 cikin 100 ne kawai. Lafiya lau, aiki ya fi surutu yawa. Yanzu raba ta dubu, kowa ya samu gida 1000, goma-goma-goma. A cikin dubun nan 488 a bakin iyaka suke. Kusan rabi! Sai ya zama ana ta aike-aike, aikin kansa kaɗan ne. Na gani da idona a wani inji da muka samu dama a kai lokacin karatuna, na ɗauki ƙaramar raga na watsa wa ƙwaya 128 don ɗoki, ta fi daɗewa a kan lokacin da na ba ta 32.

Sannan ga matsin iska. Shi matsi ba ya jiran maƙwabci kusa da kusa, in ka taɓa shi a wannan kusurwa dole duk akwatin ya sani, shi ya sa a kowane zagaye akwai wurin da kowa da kowa zai kawo lambarsa a tara, ba mai gaba sai na ƙarshe ya iso. In ƙwaya ɗaya an ɗora mata kaya fiye da saura, duk sai su zauna jiranta.

Abban_Khairat
Na gane yanzu, Allah ya saka. Wato kamar zubin kankaren dakin ne, in mai kwaɓa ɗaya ya makara duk masu ɗaukan kwano sai su tsaya.

Bakatsine_HPC
Haka ne. Shi ya sa Sadi ka duba wace hanya ka sa a decomposeParDict, fayil ɗin da ke faɗin yadda za a raba raga. In simple ka sa, yanka kawai yake yi miƙe ba ruwansa da siffar abin. Sa scotch, shi yana ƙoƙarin ba kowa kaya daidai kuma ya rage tsawon iyaka. METIS ma haka yake, daga jami'ar Minnesota ya fito, manhajoji da yawa na lissafin gini da shi suke raba raga. Bayan ka raba ka karanta abin da ya rubuto, yana nuna gida nawa kowa ya samu da fuska nawa ke tsakaninsu.

nura_gwale
Ni dai abin alfaharin shi ne ɗan Najeriya ne ya ƙirƙiro duk wannan, Philip Emeagwali. Shi ya fara haɗa kwamfutoci dubu sittin da biyar. Ba don shi ba da babu sufakwamfuta.

MalamLissafi
Nura, a yi wa zancen adalci. Abin da ya tabbata shi ne a 1989 ya samu kyautar Gordon Bell, a rukunin da ake auna gudu da kuɗin inji, saboda lissafin yadda ɗanyen mai ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Ya yi aikin a kan Connection Machine, inji mai ƙananan furosesa 65,536 wanda kamfanin Thinking Machines na Amurka ya ƙera. Ba shi ya ƙera injin ba, kuma ana lissafin gayya tun kafin shi. Wannan bai rage masa komai ba, cin wannan kyautar ba ƙaramin abu ba ne, kuma abin da ya yi ɗin shi ne ainihin abin da muke tattaunawa, raba rijiyar mai gida-gida kowace furosesa ta riƙe nata. Amma in muka ƙara gishiri sai yaranmu su je waje su faɗa a ƙaryata su, su ji kunya, har su daina yarda da gaskiyar da ke ciki.

nura_gwale
To Malam na karɓi gyara, haka muka taso muna ji ne.

Tsohon_Injiniya
Tunda an shiga tarihi bari in sa baki, ku yi haƙuri da tsoho. Tunanin nan ya girmi kwamfuta kanta. Wani Bature ɗan Ingila, Lewis Fry Richardson, lokacin yaƙin duniya na farko yana tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya a Faransa, a haka ya zauna da fensir ya lissafa hasashen yanayi na awa shida. Ya ɗauke shi wajen sati shida, kuma amsar ta fito ba daidai ba, ta nuna matsin iska zai canja da abin da ba ya taɓa faruwa. Bai karaya ba. A 1922 ya rubuta cewa in ana so a riga yanayi gudu, sai a tara mutum 64,000 a wani babban zaure mai siffar duniya, kowa da yankinsa yana lissafi, yana nuna wa na kusa da shi amsarsa, ga shugaba a tsakiya yana haska fitila ga wanda ya yi gaba da yawa ko ya yi baya. Ku duba da kyau, abin da 'yata Ummi ta bayyana kenan, har da jiran na ƙarshe. Duk lokacin da na tuna mutumin nan sai in ji tsigar jikina ta tashi, ya hango abin sarai alhali ko inji ɗaya babu.

Mu a zamaninmu kati muke hudawa mu kai, a ce mu dawo gobe. In ka yi kuskuren waƙafi ɗaya ka yi asarar kwana. Wannan ya koya mana yin tunani kafin mu aika aiki, kuma shi nake so in ce wa Sadi: ka tabbata kana buƙatar gida dubu 800 ɗin nan?

sadi_mekanikal
Baba ranka ya daɗe, gaskiya ban gwada da ƙasa da haka ba. Na ga kamar in raga ta fi laushi amsa ta fi kyau, har ina shirin in ƙara.

ummi_cfd
Kar ka ƙara tukuna! Ka san in ka rage girman kowane gida da rabi a kowane ɓangare, gidajen sun ninka takwas. In kuma lissafin mai tafiya da lokaci ne dole ka rage takun lokaci da rabi shi ma saboda sharaɗin Courant, iska ba za ta tsallake gida fiye da ɗaya a taku ɗaya ba. Takwas sau biyu, aiki ya ninka 16. Awa huɗunka ta zama kusan kwana uku.

Yi abin da Baba ya nuna. Gwada dubu 200, dubu 400, dubu 800, ka auna abu ɗaya da ya dame ka, misali zafin iska a faranti na sama. In na 400 da na 800 sun kusa zama ɗaya to ka tsaya a 400, kuma wannan gwajin kansa shafi ne mai daraja a furojet ɗinka, masu jarrabawa suna tambayarsa. Sannan in akwatin naka hagu da dama iri ɗaya ne, yanka shi biyu ka lissafa rabi.

dan_maradi
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ni abin da ban ji kowa ya taɓo ba shi ne siffofi goma sha biyun da ya ce. Malam Sadi, ai wannan ita ce gayya mai daɗi, wadda ba mai jiran wani. Siffa ta ɗaya ba ta da abin da za ta gaya ma ta biyu. In kana da abokai ukku masu laftof, ba kowa siffa ukku, kowa ya kunna da dare, ba kebul ba komai. Mu haka muka yi da lissafin bututun ban ruwa, muka bi ɗakin kwamfutoci ranar da ba karatu, kowace muka ɗora mata gwaji guda, da safe muka bi da filashi muna kwashewa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma sai in aikin irin mai rabuwa ne.

Bakatsine_HPC
Wannan shawarar ta dan_maradi ta fi duk abin da na faɗa amfani ga Sadi a yanzu. Sai dai a inji ɗaya kar ka kunna huɗu lokaci guda kana zaton ka tsira, rijiyar nan dai ɗaya ce.

hafsat_elektrik
Mu mun taɓa gwada haɗa tsofaffin kwamfutoci shida da kebul a sashenmu, irin abin da ake kira Beowulf, wanda Thomas Sterling da Donald Becker suka fara a NASA a 1994 da kwamfutoci 16 na kasuwa. Mun sha wahala sati biyu kafin su fara magana da juna, ranar da muka ga sunayen injina shida sun fito a allo har tafi muka yi. Amma da muka ɗora lissafi na gaske sai murna ta koma ciki, shidan nan da ƙyar suka fi biyu. Kebul ɗin intanet na ofis kowane saƙo sai ya yi jinkiri, kuma saƙonnin dubbai ne a daƙiƙa. Manyan injina wani haɗi mai sauri da ake kira InfiniBand suke amfani da shi, jinkirinsa wajen kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, namu ya ninka haka sau gommai. Duk da haka ban yi nadama ba ko kaɗan, abin da na koya a sati biyun nan ya fi na zango guda, kuma ina roƙon duk mai tsofaffin injina a sito ya ba ɗalibai su gwada.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya ma wuta ce. Ana ɗaukewa inji ɗaya ya mutu, shikenan duk lissafin ya rushe don sauran biyar suna jiran saƙon da ba zai zo ba. Sadi ka sa writeInterval ya riƙa ajiyewa akai-akai, ka sa startFrom latestTime, in an ɗauke ka ci gaba daga inda ka tsaya. Amma kar ka ajiye kowane taku, faifanka zai cika kuma rubutun kansa yana cin lokaci.

nura_gwale
To GPU fa, katin hoto na kwamfuta? Na ji ana cewa kati ɗaya yana da ƙwaya dubbai.

Bakatsine_HPC
Yana da su, kuma babban abin da ya fi shi ne hanyarsa zuwa ma'ajiyarsa tana da faɗi sosai, wato guga da yawa. Tun da kamfanin Nvidia ya fito da CUDA, hanyar rubuta lissafi don katin, a 2007 ake komawa can, injin Frontier na Oak Ridge a Amurka da ya fara haye lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa a 2022 yawancin ƙarfinsa daga irin katunan nan ne. Amma dole a rubuta manhajar musamman dominsa, OpenFOAM ɗin da Sadi ya sauke ba zai hau kai haka kawai ba. Kuma katin wasan gem an rage masa ƙarfi sosai a lambobi masu dogon waƙafi da muke buƙata.

MalamLissafi
Bari in dawo kan maganata ta farko don Bakatsine ya gyara min kuma na yarda, a laftof rijiya ce. Amma kar wani ya karanta Amdahl ya ce to manyan injina ba su da amfani. A 1988 John Gustafson a cibiyar bincike ta Sandia a Amurka ya nuna ɗaya fuskar, da inji mai furosesa 1024. Wanda ya samu ma'aikata dubu ba tsohuwar gonarsa zai ba su ba, sabon daji zai sara. Babban inji ba don ka gama ƙaramin aiki da wuri ba ne, don ka yi aikin da da ba ka isa ka taɓa ba. Ni abin da ke raina kenan tun ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Lissafin inda ruwa zai bi unguwa-unguwa, da zurfinsa, da minti nawa zai ɗauka kafin ya iso, aiki ne da ake yi da irin wannan ilimin, manhajar HEC-RAS ta lissafin ambaliya ma kyauta ake sauke ta. Muna da madatsu da yawa a Arewa, Tiga, Bakolori, Goronyo, Dadin Kowa, kowacce akwai garuruwa a ƙasanta. Ina so in ga yaranmu ne suke wannan lissafin.

hafsat_elektrik
Amin Malam. Afirka ta Kudu suna da cibiyar CHPC a Cape Town da injinsu Lengau tun 2016, Maroko ma suna da Toubkal a Ben Guerir. Amma ni ina ganin ko an kawo mana inji gobe, in babu waɗanda suka san raba aiki zai zauna ne yana shan wuta. Gara a fara koyar da MPI tun a digiri na farko ko da a laftof ne.

Tsohon_Injiniya
Inji da mutane duk ana buƙata 'yata, amma kafin su akwai awo. Lissafin ambaliya ba zai yi kyau ba in ba ka da taswirar tudu da kwari mai kyau da bayanan ruwan sama na shekaru. Shi ma Richardson abin da ya kayar da shi lambobin da ya fara da su ne.

sadi_mekanikal
'Yan uwa na dawo da rahoto. Na samo RAM ta biyu a kasuwa, na sa scotch, na tsaya a huɗu. Dubu 800 ɗin yanzu awa 3 da 'yan mintuna. Na gwada dubu 400 kuma zafin faranti na sama bambancinsa da na 800 bai kai rabin digiri ba, ita kuma awa ɗaya da rabi take ci. Abokaina biyu sun yarda su ba ni injinansu da dare. Allah ya saka wa kowa da alheri, wallahi kun cire min ƙaya.

Sai dai wani sabon abu ya ɗaure min kai. Na kwatanta amsar ƙwaya ɗaya da ta huɗu a raga ɗaya, ba su zama daidai sak ba, daga lamba ta biyar bayan ɗigo sun fara bambanta. Wacce ce gaskiya a ciki?

ummi_cfd
Duk biyun, kar ka damu. Kwamfuta tana yanke wutsiyar lamba a kowane tari, don haka in ka tara a da b sannan c, ba lallai ya zama daidai da tara b da c sannan a ba. Da ka raba aikin, jerin tarin ya canja. Ga kuma solba ɗin kansa, wato ɓangaren manhajar da ke warware lissafin, yana bin wata hanya daban kaɗan in an raba raga. In bambancin ya tsaya a can ƙasa ba komai. In ya hau zuwa lamba ta biyu to lissafinka bai gama zama ba, ka matse tolerance, wato iyakar kuskuren da ka yarda da shi, ka ƙara zagaye.

Bakatsine_HPC
Ni ban cika sakin jiki da "ba komai" ɗin nan ba Yaya Ummi. In iskar tana da hargitsi ɗan bambancin nan yana iya girma da tafiyar lokaci har hotunan biyu su rabu gaba ɗaya, sai dai a kwatanta matsakaici. Sadi, naka mai tsayawa ne ko mai tafiya da lokaci? Kuma ka sa ma'aunin zafi a akwatin na gaske ka gani ko lambobin sun yi kusa?

sadi_mekanikal
Mai tsayawa ne a yanzu. Akwatin yana wurin mai walda bai gama ba, ya ce ranar Asabar. Ina da ma'auni uku, zan sa ɗaya a mashigar iska, ɗaya a faranti na tsakiya, ɗaya a bututun sama. Wane lokaci na rana ya fi dacewa in ɗauki awon, tunda a lissafin na sa zafin rana bai canjawa?